Murjani Mai Rai: Gane Irinsa da Sayensa Don Kiwo a Gida

Gabatarwa

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Aro ce daga Larabci, kuma ta daɗe da zama 'yar gida, har ana raɗa wa 'ya'ya mata suna Murjanatu. Abin da Bahaushe ya sani da wannan suna shi ne jan dutsen adon nan da mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda fatake suka riƙa ketowa da shi Sahara daga gaɓar Bahar Rum. A fadar Bini kuwa shi ne adon sarauta, kuma Turawan Fotugal sun riƙa kawo shi can ta teku tun daga ƙarshen ƙarni na 15.

Sai dai ba kowa ya san cewa wannan abin ado ƙashin wata dabba ne ba. Dabbar tana zaune ne a cikin teku, tana da dangi iri-iri, kuma a yau akwai ciniki babba na danginta masu rai. Mutane a Amurka da Turai da Japan da sauran wurare suna sayensu, su zuba a tankin gilashi mai ruwan gishiri, su yi kiwonsu a ɗaki kamar yadda wani ke kiwon tantabara ko kanari. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake gane irin murjani mai rai da yadda ake sayensa. Jigon maganar ɗaya ne: launi shi ne abin da ke fara jan idon mai saye, amma shi ne shaida mafi rauni. Wanda ya sayi murjani don launinsa kawai ya yi cinikin biri a sama. Kafin kuɗi ya fita daga aljihu, wajibi ne a amsa tambayoyi huɗu: wane iri ne, daga ina ya fito, yana da lafiya, kuma gidan da za a kai shi ya shirya?

Mene Ne Murjani?

Masanan Turai sun daɗe suna ɗaukar murjani tsiro ne, saboda rassansa. A farkon ƙarni na 18 wani Ba'italiye mai suna Marsigli ya ga wasu fararen abubuwa suna buɗewa a jikin jan murjani, ya ce furanni ne. A cikin shekarun 1720 wani likita Bafaranshe, Peyssonnel, ya lura cewa waɗannan furanni suna motsi, suna noƙewa idan an taɓa su, ya tabbatar da cewa dabbobi ne. Da farko ba a yarda da shi ba, amma daga baya gaskiyarsa ta fito.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan dabbobi, waɗanda za a kira ƙwayoyi a wannan lacca, kamar 'yar jaka take. Tana da baki guda a sama, kewaye da shi kuma akwai yatsu masu harbi, waɗanda take kama abinci da su. Galibi ƙwayoyin ba sa zaman kaɗaici. Ɗaya kan tsaga ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai dubbai, duk a haɗe da fata guda. A wasu irin, ƙwayoyin na tatso kalsiyam daga ruwan teku su gina ƙashi mai tauri irin na dutsen farar ƙasa a ƙarƙashinsu, kowace da gurbinta. Tarin wannan ƙashi na dubban shekaru shi ne tsaunin murjani. Da irin wannan dutse aka gina tsofaffin gidajen Jidda da na Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda alhazan Hausa masu tafiyar ƙasa suka riƙa ratsawa.

Sirrin murjani mai gina tsauni shi ne wata 'yar gansakuka, wadda ido ba ya gani, da ke zaune a cikin naman jikinsa. Gansakukar tana amfani da hasken rana ta sarrafa abinci, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka. Shi kuma ya ba ta mafaka da taki. Wannan ne dalilin da ya sa tsaunukan murjani ba sa samuwa sai a ruwa mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi. Shi ne kuma dalilin da ya sa gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan tsaunukan murjani, domin kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka cikin teku. Jan murjanin ado kuwa, wanda sunansa na Latin shi ne Corallium rubrum, ba shi da wannan gansakuka. Cikin duhun koguna da zurfin Bahar Rum yake zaune, girmansa na da matuƙar jinkiri, kuma ba ya cikin abin da ake kiwo a gida. Watau murjanin da Bahaushe ya sani daban, wanda ake sawa a tanki daban, ko da yake dangin juna ne.

Asalin Kiwon

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, abin da ake sawa a tankin kifin teku shi ne busasshen ƙashin murjani, don ado. A 1961 wani mutumin Jakata, Lee Chin Eng, ya bayyana yadda yake raya murjani ta hanyar amfani da ruwan teku da duwatsun da aka ɗebo daga teku da ƙananan halittunsu, tare da hasken rana. A cikin shekarun 1970 Peter Wilkens da masu sha'awar abin a Jamus suka kyautata dabarar, suka haɗa da fitila mai ƙarfi da na'urar tace ƙazanta da ƙarin kalsiyam. A cikin shekarun 1980 wani mazaunin Balin, Dietrich Stüber, ya raya murjani mai rassa a tankinsa har ya yi girma, aka riƙa ɓallar rassansa ana rarraba wa jama'a. Daga nan aka gane cewa ana iya dashen murjani kamar yadda ake dashen rogo ko rake. Wannan ganewa ita ce ta sauya fasalin cinikin baki ɗaya.

Tambaya Ta Farko: Wane Iri Ne?

Irin murjani na da yawa. Masanin Ostireliya J. E. N. Veron, a littafinsa mai juzu'i 3 da ya fito a 2000, ya bayyana kimanin iri 800 na masu gina tsauni kaɗai. Ba a bukatar mai saye ya haddace su. Abin da ake bukata shi ne ya san rukuni uku da 'yan kasuwa ke amfani da su, domin rukunin shi ke faɗa masa wahalar kiwon.

Matakin farko shi ne ƙidayar yatsu. Idan kowace ƙwaya tana da yatsu 8 cif, kuma kowane yatsa yana da 'yan geza a gefe kamar gashin tsuntsu, to wannan yana cikin dangin da akasarinsu masu laushi ne. Idan kuwa yatsun 6 ne, ko 12, ko 24, ko abin da ya fi haka, kuma babu geza, to yana cikin ɗaya dangin, inda masu ƙashin dutse suke.

Rukuni na farko shi ne masu laushi. Ba su da ƙashin dutse a waje. Idan ruwa ya kaɗa, sai su yi rangaji. A cikinsu akwai Sarcophyton, mai kama da laima ko naman kaza, da Sinularia, mai kama da yatsun hannu, da Xenia, wanda ƙwayoyinsa ke buɗewa suna rufewa ba hutawa. Waɗannan sun fi juriya, ba sa bukatar haske mai tsanani, kuma da su ya kamata sabon shiga ya fara. Aibin Xenia shi ne saurin yaɗo. Idan aka yi sake sai ya mamaye tanki kamar ƙiri-ƙiri a gona.

Rukuni na biyu shi ne masu ƙashin dutse da manyan ƙwayoyi. Namansu mai kauri ne, yana kumbura da ruwa har ya rufe ƙashin. A nan ake samun Euphyllia, mai dogayen yatsu, da Trachyphyllia, mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar ƙwaƙwalwa. Bukatunsu matsakaita ne, amma suna da faɗa: da dare wasunsu kan miƙa dogayen yatsu su harbi maƙwabci, saboda haka tilas a ba su tazara.

Rukuni na uku shi ne masu ƙashin dutse da ƙananan ƙwayoyi, irin su Acropora da Montipora. Fatarsu siririya ce a kan ƙashi, suna bukatar haske mai ƙarfi da ruwa mai motsi sosai, kuma ƙaramin sauyi a ruwan kan iya kashe su cikin kwana ɗaya ko biyu. Waɗannan na ƙwararru ne.

A cikin kowane rukuni akwai masu kama da juna, kuma a nan ne lura ke da amfani. Alal misali, Goniopora da Alveopora duk suna da dogayen ƙwayoyi kamar damin furanni, amma na farko yatsunsa 24 ne, na biyu 12. Goniopora ya yi suna wajen yin kyau na 'yan watanni sa'an nan ya rame ya mutu a hannun marar gwaninta. Haka nan Acropora: a ƙarshen kowane reshe nasa akwai gurbi guda babba, kamar bakin bututu, wanda Montipora ba shi da shi. Kazalika akwai masu kama da saƙar zuma: idan kowane gurbi yana da bangonsa, iri ɗaya ne, idan gurabe biyu suna tarayya a bango guda, wani iri ne daban, wanda ake kira Favites. Duk waɗannan alamomi a siffar ƙashi da yatsu suke. Launi kuwa yana sauyawa da haske da abinci, har gutsure biyu na uwa ɗaya su bambanta idan an sa su a tanki daban-daban.

A lura kuma da sunaye. 'Yan kasuwa kan laƙaba wa murjani kirari iri-iri don tsadar da shi, amma kirari ba shaida ba ne. Sunan Latin shi ne abin riƙo, shi ake rubutawa a takardun izini. Ko shi ma yakan sauya idan bincike ya ci gaba: a 2012 an ɗauke irin da ake kira Favia na tekun Indiya da na Fasifik aka mai da su Dipsastraea.

Kyan Ɗan Maciji

Akwai murjani iri biyu da kyansu ke ruɗar mai saye. Na farko su ne waɗanda ba su da gansakukar nan mai sarrafa haske, kamar Dendronephthya, mai launin ja da hoda, da Tubastraea, mai launin ruwan goro. Fitila ba ta ciyar da su. Tubastraea yana rayuwa idan ana ɗura wa ƙwayoyinsa abinci a kai a kai. Dendronephthya kuwa yana bukatar ƙananan halittun ruwa suna ratsa shi dare da rana, abin da tankin gida ba safai yake iya samarwa ba, saboda haka galibi yunwa ke kashe shi a hankali.

Na biyu su ne Palythoa da wasu danginsa, masu kama da tabarmar ƙananan maɓallai. Suna da sauƙin kiwo, amma wasunsu na ɗauke da dafi wanda yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a halitta. Masana biyu na Jami'ar Hawai, Richard Moore da Paul Scheuer, su ne suka tace shi a 1971. Dafin na shiga ta rauni a hannu, ko ta ido, ko ta numfashi. An sha kwantar da iyali guda a asibiti saboda wani ya zuba tafasasshen ruwa a kan dutsen da Palythoa ke manne, tururin ya cika ɗaki. Wanda zai taɓa shi, lalle ya sa safar hannu da tabarau, kada ya kankare shi a busashe, kada ya tafasa shi. Gidan da ke da ƙananan yara kuwa gara ya haƙura da shi.

Tambaya Ta Biyu: Daga Ina Ya Fito?

Murjanin kasuwa hanya uku yake fitowa. Akwai wanda mai nutso ya sara da guduma da kurfi daga tsaunin teku. Akwai wanda aka dasa a kan faifan siminti, aka jera a kan tebur na ƙarfe a cikin teku kusa da gaɓa har ya girma, kamar yadda ake yi a Bali. Akwai kuma wanda aka ɓallo daga uwar da ta daɗe a tanki, bai taɓa ganin teku ba.

Ana iya gane su. Wanda aka saro yakan zama babba, gindinsa da alamar karaya, kuma sau da yawa da wasu halittu manne da shi. Na dashe ƙarami ne, yana zaune a kan faifai, kuma namansa ya malalo ya rufe bakin faifan. Wannan malalowa ita ce shaidar cewa ya yi makonni ko watanni a wurin. Idan an ga yanka sabo da danƙo fari a gindi, to jiya ko shekaranjiya aka liƙa shi, bai warke ba.

Na dashen tanki ya fi dacewa da mai saye, domin ya saba da fitila da ruwan gishirin da aka haɗa da hannu, kuma bai sha wahalar kwana ɗaya ko biyu a leda cikin jirgin sama ba. Ya kuma fi dacewa da teku. Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin rubu'in irin halittun teku sun dogara da su, kuma miliyoyin masunta a kansu suke ci. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, murjani kan kori gansakukarsa, ya koɗe ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. An ga wannan annoba a duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017. Karo na huɗu an tabbatar da shi a watan Afrilu 2024, kuma tsakanin Janairu 2023 da Maris 2025 kimanin kashi 84 cikin 100 na tsaunukan duniya sun gamu da irin wannan zafi. Gaskiya ne ɗumamar teku ta fi cinikin tanki ɓarna nesa ba kusa ba. Amma mai sara yana zaɓen iri masu kyau ne, waɗanda sau da yawa su ne masu ƙaranci da jinkirin girma. Mai rassa na iya ƙara santimita 10 a shekara, dunƙulalle kuwa kimanin santimita 1. Dunƙulen da ya cika tafin hannu biyu na iya girme wa yaron da ya gama firamare.

Doka ma tana da ta cewa. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe 10 na farko da suka amince da ita. Tun 1990 duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jerinta na biyu, watau ba a haramta cinikinsa ba, amma ba ya tsallake iyakar ƙasa sai da takardar izinin fitarwa. Ƙasashen ma suna da dokokinsu. Filifin ta hana fitar da murjani tun shekarun 1970. Indunusiya, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen fitarwa, ta dakatar da cinikin a 2018, sa'an nan a 2020 ta sake buɗe ƙofa ga wanda aka dasa a gonakin teku. Saboda haka matafiyin da ya tsinci murjani a gaɓa ya cusa a jaka, ko da matacce ne, yana iya gamuwa da jami'an kwastan. Mai saye na da hakkin tambayar mai sayarwa asalin kayansa da takardunsa. Wanda ya kasa amsawa, a bar masa kayansa.

Tambaya Ta Uku: Yana Da Lafiya?

Shagunan murjani kan kunna shuɗiyar fitila, domin a ƙarƙashinta wasu sinadaran jikin dabbar suna ƙyalli kore da ja kamar garwashi. Hotunan intanet ma da irin wannan haske ake ɗaukarsu. Abu na farko shi ne a nemi a kunna farar fitila; gani ya kori ji.

Daga nan sai a duba abubuwa biyar. Na ɗaya, ƙwayoyin su kasance a buɗe, kuma su noƙe idan an kaɗa ruwa kusa da su. Na biyu, naman ya rufe ƙashin duka. Farin ƙashi a gindi ko a gefe alamar nama na janyewa ne. Amma farin da ke can ƙarshen reshen Acropora sabon girma ne, ba ciwo ba. Na uku, kada a ga wata yauƙi mai ruwan ƙasa a kan naman, domin ciwo ne mai saurin yaɗuwa, musamman a Euphyllia. Na huɗu, launin ya kasance mai zurfi. Murjanin da ya yi fari ko ya yi haske fiye da kima koɗaɗɗe ne, kuma akwai marasa amana da ke rina irin wannan da ruwan ɗorawa ko hoda. Na biyar, a juya shi a duba ƙarƙashi, inda tsutsotsi masu faɗi da dodon koɗi marar kwanso ke ɓuya su saka ƙwai.

Yana da kyau a tambayi kwana nawa ya yi a shagon. Wanda ya sauka daga jirgi jiya bai nuna halinsa ba tukuna. Kuma araha ba ta ado: babban murjani da aka karya wa farashi, galibi akwai dalili.

Tambaya Ta Huɗu: Gida Ya Shirya?

Ba a kiran baƙo kafin a share ɗaki. Sabon tanki na bukatar makonni kafin ƙwayoyin halitta masu narkar da ƙazanta su zauna, kuma masu kiwo kan ba da shawarar a jira wata 6 ko fiye kafin a sa masu ƙananan ƙwayoyi. Ruwan ya kasance da gishirin teku kimanin giram 35 a kowace lita, da kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, da zafi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Selshiyas. Gishirin miya ba ya yi. Ruwan famfo sai an tace shi sarai, domin tagulla ko kaɗan ce tana kashe murjani. Abin da ya fi waɗannan alƙaluma muhimmanci shi ne dawwama. Murjani ya fi jure ƙaramin kuskure mai ɗorewa a kan gyara na gaggawa.

A nan ne mazaunin ƙasa mai zafi ya kamata ya yi wa kansa hisabi. A garin da zafin bazara ke kai digiri 40, tanki ba ya rayuwa sai da na'urar sanyaya ruwa. Idan wuta ta ɗauke, injin motsa ruwa ya tsaya, iskar numfashi na raguwa cikin 'yan sa'o'i, zafi kuma ya hau. Wanda ba shi da wutar da za ta tsaya dare da rana, da batir na ko-ta-kwana, kada ya fara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

In an kawo sabon murjani gida, sai a daidaita zafin ledarsa da na tanki a hankali, a tsoma shi a maganin kashe ƙwari da aka yi don haka, a killace shi a ƙaramin tanki na dabam kimanin wata guda. Bayan nan a ajiye shi a ƙasan babban tanki, inda haske ke da sauƙi, a riƙa ɗaga shi sannu sannu.

Kammalawa

Kiwon murjani na iya zama ɓarna, yana kuma iya zama ilimi. Dabarun dashe da masu tanki suka kyautata suna cikin abin da ake amfani da shi wajen farfaɗo da tsaunukan da suka lalace, kuma a 2013, a gidan tarihi na Horniman da ke Landan, an sa Acropora ya saki ƙwai a rufaffen tanki ta hanyar kwaikwayon zafin ruwa da hasken rana da na wata. Abin da ke raba ɓarna da ilimi shi ne halin mai saye a gaban mai sayarwa. Idan ya ƙidaya yatsu, ya duba gurbi, ya nemi sunan Latin, ya zaɓi na dashe, ya nemi farar fitila, ya kuma auna ƙarfin gidansa, to ya tsare dukiyarsa, ya tsare ran dabbar, ya kuma rage wa teku nauyi. Murjanin wuya ƙashi ne, ana iya jefa shi a adaka shekara 50 a dawo a same shi yadda aka bar shi. Murjanin tanki kuwa rai gare shi, kuma duk wanda ya ɗauko rai ya kawo gidansa ya ɗauki amana.